Yaya shafina zai gane ainihin nau'in fayil ɗin da aka ɗora masa?

"Assalamu alaikum Malam. Na kammala karatun kwamfuta, ina zaune a Gombe. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba ni aikin gina shafin neman gurbin karatu, inda iyaye za su ɗora hoton fasfo na yaro da takardar haihuwa da sakamakon jarrabawa. Na sa sharaɗin cewa dole sunan fayil ya ƙare da .jpg ko .png ko .pdf. Sai ga shi wasu hotunan sun ƙi buɗewa a hannun ma'aikatan makarantar, kuma wani abokina ya ce da wannan tsarin kowa zai iya cusa mini mugun fayil. Na ga akwai ƙananan laburare na kyauta a GitHub da ke gane nau'in fayil. Wanne zan ɗauka, kuma idan na sa shi na tsira ke nan? Da PHP nake aiki, amma ina ɗan taɓa Python da Node."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan aiki. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma gara mu raba su tun yanzu. Ta farko ita ce yadda manhajarka za ta san cewa abin da aka kira hoto hoto ne da gaske. Ta biyu ita ce ko sanin hakan ya isa ya kare sabarka da bayanan yaran mutane. Laburaren da ka gani, wato shirye-shiryen da wasu suka rubuta don ka haɗa da naka, suna amsa ta farko sosai. Ta biyun kuwa ba aikinsu ba ne, kuma a nan ne na fi ganin matasanmu suna sakin jiki.

Abokinka ya faɗi gaskiya. Haruffan nan da ke bayan ɗigo a sunan fayil ba komai ba ne illa suna, kowa na iya canza su cikin daƙiƙa. Haka ma bayanin da birawuza ke aikowa tare da fayil, wanda kake gani a $_FILES ƙarƙashin type: daga na'urar mai ɗorawa yake fitowa, kuma yawanci daga sunan aka ciro shi. Mai mugun nufi zai rubuta image/jpeg a wurin da hannunsa. Don haka ko ka duba suna ko ka duba wannan bayanin, maganar mutum ɗaya kake ji sau biyu.

Amma kafin mu kai ga masu mugun nufi, hotunanka da suka ƙi buɗewa galibi ba mugunta ta kawo su ba. A shagunan intanet na nan Bauchi, musamman lokacin cike fom ɗin makarantu, na sha tsayawa ina kallon yadda abin ke faruwa. Uba ya zo da hoton ɗansa a waya, yaron shago ya tura shi kwamfuta, shafi ya ce sai .jpg, ga layi a bayansa, sai kawai ya danna sunan ya goge ƙarshensa ya rubuta jpg. Shafi ya karɓa, kowa ya tafi gida da murna. Alhali hoton HEIC ne daga iPhone, tsarin da Apple ya mayar na asali tun 2017, ko kuma WebP ne da aka sauko da shi daga intanet. Sunan ya canza, cikin bai canza ba. Ma'aikaciyar makaranta ta buɗe a tsohuwar kwamfutar ofis ta ga babu komai.

Abin da laburaren ke dubawa

Kusan kowane nau'in fayil da ba rubutu zalla ba yana farawa da wasu 'yan bayit (ƙananan lambobin da fayil ya ƙunsa) da ba sa canzawa, wato hatiminsa. JPEG yana farawa da FF D8 FF. PDF yana farawa da %PDF- sannan lambar sigarsa. GIF yana rubuta GIF87a ko GIF89a ƙarara. Manhajar Windows, wato fayil ɗin .exe, tana farawa da MZ, haruffan farko na sunan Mark Zbikowski, injiniyan Microsoft, shi kuma ZIP yana farawa da PK saboda Phil Katz da ya ƙirƙiro shi. Saƙon murya na WhatsApp, idan ka leƙa cikinsa, OggS za ka fara gani.

Na PNG ne ya fi burge ni, domin da tunani aka tsara shi. Bayit takwas ne: 89 50 4E 47 0D 0A 1A 0A. Ukun da ke bin na farko, 50 4E 47, su ne haruffan PNG. Na farkon, 89, an zaɓe shi ne don a gane idan fayil ya bi ta tsohuwar hanyar sadarwa mai yanke bit na takwas. Su 0D 0A da 0A na ƙarshe alamun ƙarshen layi ne na DOS da na Unix, ta yadda idan wata manhaja ta ɗauki hoton a matsayin rubutu ta "gyara" masa layuka, hatimin zai lalace a gane nan take. Shi kuma 1A yana tsayar da DOS idan aka ce ya zubo fayil ɗin a allo. Ka sauke kowace manhajar duba bayit ka buɗe hoto ɗaya da ita, ko ka rubuta xxd da sunan fayil a Linux. Minti biyar na wannan kallon ya fi karanta bayani shafi goma.

Ba kowane hatimi ne ke bakin ƙofa ba. A MP4 da HEIC kalmar ftyp tana zuwa bayan bayit huɗu na farko, sai abin da ke biye da ita ya bambance bidiyo da hoto. WebP yana farawa da RIFF, kamar WAV da AVI, sai bayan bayit takwas na farko ya ce WEBP. Fayil ɗin tar, mai ƙunsa fayiloli da yawa wuri ɗaya, yana ɓoye kalmar ustar bayan bayit 257 na farko. Wannan ne dalilin da ya sa laburaren filetype na Go ya ce bayit 262 na farko sun ishe shi ga yawancin nau'o'i: 257 da haruffa biyar.

Dabarar tsohuwa ce. Umarnin file yana cikin Unix tun 1973. Wanda muke amfani da shi a Linux yau Ian Darwin ne ya rubuta shi a tsakiyar shekarun 1980, Christos Zoulas kuma ya daɗe yana kula da shi. Daga cikinsa aka fitar da libmagic, wanda ke ɗauke da babban kundin hatimai da aka tara shekara da shekaru. Da yawa daga cikin laburaren da ka gani a GitHub ko dai suna kiran libmagic ne a ɓoye, ko kuma sun sake rubuta wani ɗan yanki na wannan kundin a harshensu.

Wanne za ka ɗauka

Tunda da PHP kake aiki, ba ka bukatar sauke komai. Fileinfo yana zuwa tare da PHP tun siga ta 5.3, kuma libmagic ne a cikinsa. Ka buɗe finfo da FILEINFO_MIME_TYPE, ka miƙa masa hanyar fayil na wucin gadi, wato tmp_name, ba sunan da mai ɗorawa ya bayar ba. Zai dawo maka da image/jpeg ko application/pdf ko abin da ya gani. Idan a Laravel kake, wato tsarin gina shafi na PHP, dokar mimes tana yin haka da kanta, tana karanta cikin fayil. Abu ɗaya da ke tuntuɓar da mutane shi ne masaukin shafi mai araha da yawancinmu ke haya: wani lokaci za ka tarar an kashe fileinfo. Ka shiga cPanel wurin zaɓen sigar PHP ka kunna shi, idan babu damar hakan ka rubuta wa masu masaukin.

A Python hanya biyu ce. Akwai python-magic, wanda gada ce kawai zuwa libmagic, don haka yana gane nau'o'i masu yawan gaske, amma dole libmagic ya kasance a na'urar. A sabar Linux wannan ba matsala ba ce. A Windows, inda yawancin ɗalibanmu ke rubuta aikinsu, yakan ba da wahala kafin ya tashi. Sai kuma filetype da puremagic, waɗanda Python zalla ne, ba sa jingina da komai, suna sauka cikin ƙiftawar ido ko da data ta yi ƙasa, sai dai jerin abin da suka sani bai kai na libmagic ba. Ka kiyayi biyu: mimetypes da ke zuwa da Python suna kawai yake dubawa, bai taɓa leƙa ciki ba, imghdr kuma, wanda tsofaffin darussa ke koyarwa, an cire shi gaba ɗaya a Python 3.13.

A Node, file-type na Sindre Sorhus shi ne sananne. Yana karɓar fayil ko guntun bayit ko abin da ke kwarara, kuma marubucinsa ya faɗa a fili cewa don fayilolin da ba rubutu ba aka yi shi. Daga siga ta 17 ya koma tsarin import kaɗai, saboda haka idan aikinka na require ne ka san da wannan tun kafin ka fara. Ga masu Go akwai DetectContentType a cikin harshen kansa, mai duba bayit 512 na farko, da mimetype na Gabriel Vasile idan ana son zurfi. Masu Rust suna da infer. Apache Tika na Java babba ne, ya wuce ajin da kake tambaya, kuma ɗora shi don nau'i uku ɓarnar ƙarfin saba ce. A 2024 Google ya saki Magika, wanda maimakon kundin hatimai yake amfani da ƙaramin samfurin koyon na'ura, kuma ƙarfinsa ya fi fitowa a fayilolin rubutu da harsunan shirye-shirye. Abu ne mai kyau, amma ba ciwonka yake magani ba.

Ra'ayina, kuma a kansa nake aiki: ga shafi irin naka, yawan nau'o'in da laburare ya sani bai dame ka ba. Nau'i uku kake karɓa. Ka rubuta su a jeri, duk abin da amsarsa ba ta cikin jerin ka mayar da shi. Kada ka juya abin ka ce za ka lissafa miyagu ka hana su, domin ba za ka taɓa gama lissafin ba.

Inda hatimi ke gazawa

Ka je Tudun Hatsi nan garinku ka ga mai sayen masara. Ba ya yarda da abin da aka rubuta a jikin buhu, sai ya soka ƙarfe ya ɗebo 'yar kaɗan ya duba a tafin hannu. Ya fi wanda ya yarda da rubutu nesa ba kusa ba, amma abin da ke gindin buhun bai gani ba. Matsayin laburaren nan ke nan.

Gazawar farko ita ce nau'o'i da yawa hatiminsu ɗaya. DOCX da XLSX da PPTX da APK da JAR da EPUB da ODT duk ZIP ne a ciki, duk da PK suke farawa. EPUB da ODT sun sauƙaƙa, domin suna sa wani ɗan fayil mai suna mimetype a farkon ƙunshin. Na Word kuwa sai an shiga ciki an nemi jakar word da fayil ɗin Content_Types. Laburaren da ke karanta 'yan bayit kaɗan wani lokaci zai ce maka application/zip kawai, musamman idan ba Microsoft Word ne ya samar da takardar ba kuma jerin kayan cikin ya bambanta. Tsofaffin .doc da .xls su ma hatimi ɗaya suke rabawa, D0 CF 11 E0. Shi ya sa nake ba makarantu shawara kada su karɓi takardar Word daga waje sam, a ce wa mutane PDF.

Ta biyu, rubutu zalla ba shi da hatimi. CSV, TXT, JSON, duk hasashe ake yi musu. Ranar da makarantar za ta ce ka ba su damar ɗora jerin sunayen ɗalibai daga Excel za ka gamu da wannan, kuma za ka gamu da wani abu namu na Hausa a ciki. A UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, C6 99, ɗ kuma C9 97, ɓ C9 93. Idan aka adana jerin da tsohon tsarin haruffa na Windows, waɗannan haruffan babu su a ciki, sai su koma alamar tambaya, yaro ya tashi da suna a gurgunce a katin shaidarsa. Laburaren gane nau'i zai ce maka text/plain ko text/csv ya wuce. Kai ne za ka tabbatar UTF-8 ne, ka kuma cire EF BB BF da Excel ke liƙawa a farko, in ba haka ba sunan ginshiƙi na farko ba zai dace da abin da kake nema ba.

Ta uku ita ce mai haɗari. Fayil zai iya zama hoto na gaskiya kuma ya ɗauki wani abu a cikinsa. JPEG yana da wurin rubuta sharhi, kuma babu abin da zai hana mutum ya zuba umarnin PHP a wurin. Finfo zai duba ya ce image/jpeg, kuma bai yi ƙarya ba. Idan ka ajiye wannan fayil a cikin public_html, jakar da kowa ke iya kaiwa ta intanet, da sunan da mai shi ya ba shi, kuma sunan ya ƙare da .php, to duk wanda ya buɗe adireshinsa ya sa sabarka ta gudanar da umarnin. Tun 2008 masu bincike suka nuna fayil ɗaya da yake GIF ne kuma JAR ne a lokaci guda, domin GIF daga farko ake karanta shi, ZIP kuma daga ƙarshe. SVG ma ka cire shi daga lissafi: sunansa hoto, amma rubutu ne da zai iya ɗaukar JavaScript.

Yadda nake tsara nawa

Ina farawa da iyakance girman fayil, tun kafin a karanta ko bayit ɗaya, a saitin PHP da kuma a cikin manhajar. Sannan finfo da jerin nau'o'in da aka yarda da su. Idan hoto ne, ina duba faɗinsa da tsawonsa kafin in buɗe shi gaba ɗaya, saboda ƙaramin fayil zai iya cewa shi hoto ne mai ɗigo miliyan ɗaruruwa ya cinye ƙwaƙwalwar saba. Pillow na Python ma yana yin gargaɗi da kansa idan hoto ya haura ɗigo kusan miliyan 89. Daga nan sai mataki da na fi ba muhimmanci: in buɗe hoton da GD, laburaren sarrafa hoto na PHP, in rage shi zuwa girman fasfo, in sake rubuta sabon JPEG, in jefar da na asali. Abin da bai buɗu ba, ba hoto ba ne, ko da hatiminsa ya yi kyau. Abin da aka ɓoye a sharhi ya tafi. Bayanan EXIF da kyamara ke rubutawa a cikin hoto ma sun tafi, waɗanda a hoton waya kan iya ƙunsar ainihin wurin da aka ɗauka, wato ƙofar gidan yaron. Ka dai tuna ka karanta alamar juyawa ta EXIF ka miƙe hoton kafin ka goge ta, in ba haka ba rabin yaran za su fito a kwance.

Sunan fayil ni nake ƙirƙira shi, bazuwar lambobi, ƙarshensa kuma daga amsar finfo yake fitowa. Sunan da mai ɗorawa ya bayar sai dai ya zauna a rumbun bayanai don nunawa. Wurin ajiya yana wajen public_html, ta yadda babu adireshin da zai kai mutum kai tsaye. Ma'aikaci sai ya shiga da kalmar sirrinsa sannan manhaja ta miƙo masa, da Content-Type ɗin da ni na sa, da X-Content-Type-Options: nosniff don kada birawuza ta yi nata hasashen. Wannan ba tsaro kaɗai ba ne. Takardar haihuwar yaro bayanin sirri ce, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin wannan nauyin kiyaye ta.

PDF ya fi wuya, domin ba a sake rubuta shi cikin sauƙi kamar hoto. Abin da nake yi shi ne in sa a sauke shi maimakon ya buɗe a cikin shafin, idan kuma sabar tawa ce in bi da shi ta ClamAV, manhajar gano miyagun fayiloli.

Ga masu HEIC da WebP, kada ka kore su da jan rubutu mai cewa fayil bai inganta ba. Yanzu da ka san ainihin abin da suka ɗora, gaya musu da Hausa da Turanci: wannan hoton na iPhone ne, a buɗe shi a adana shi a matsayin JPEG. WebP ma GD na iya karanta shi idan an gina shi da wannan damar, sai ka karɓa ka mayar da kanka. Uban da ya biya kuɗin mota daga Kumo ko Dukku don ya cike fom ɗin nan bai kamata ya koma gida saboda abin da layi biyar za su warware ba.

Kafin ka jingina da aikin wani

Ƙaramin laburare yawanci mutum ɗaya ne ko biyu ke riƙe da shi, a lokacin hutunsu, ba albashi. Ina girmama su ƙwarai, kuma saboda haka nake duba abu uku kafin in ɗauka: yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, ana amsa rahoton matsala ko an yi shiru, da kuma lasisi. Na ƙarshen nan mutane na raina shi. A watan Maris na 2021 an gano cewa mimemagic, ɗan laburaren gane nau'in fayil na Ruby mai lasisin MIT, yana ɗauke da kundin shared-mime-info wanda lasisinsa GPL ne, mai sharuɗɗan da ba su yarda a raba shi a ƙarƙashin MIT ba. Marubucin ya janye tsofaffin sigogin, kuma da yake Rails, tsarin gina shafi na Ruby, na jingine da shi, ayyukan mutane a faɗin duniya suka kasa haɗuwa a ranar. Sai da masu Rails suka sauya nasu laburaren, Marcel, ya koma amfani da kundin Tika. Darasin da ya shafe ka shi ne kundin hatimai ma yana da mai shi, ba lambar shirin kaɗai ba. Libmagic lasisin BSD gare shi, file-type da filetype da python-magic na MIT ne, duk za ka iya sa su a aikin kuɗi.

Sannan shi kansa mai binciken fayil yana karanta abin da baƙo ya aiko, don haka shi ma ana iya kai masa hari. An sha toshe ramuka a libmagic, a 2022 kuma an gyara wata matsala a file-type inda gurɓataccen fayil na MKV ke sa shi juyawa ba tsayawa. Ka kulle sigar da kake amfani da ita a composer.lock ko package-lock, ka riƙa sabuntawa da saninka, kuma kada ka bar shafin makarantar a kan sigar PHP da aka daina yi wa gyara.

Duk wannan na faɗe shi ne a kan ma'aunin aikinka: makaranta ɗaya, hotuna da PDF, masaukin haya. Ban ga lambar shirinka ba, kuma yadda aka saita Apache ko Nginx a wurinka na iya buɗe ƙofar da duk matakan nan ba su rufe ba. Gwajin da za ka yi yau da daddare mai sauƙi ne: ka canza wa fayil ɗin rubutu suna zuwa .jpg, ka canza wa hoton gaske suna zuwa .php, ka yanke rabin wani JPEG, ka ɗora su ukun ka ga abin da shafin zai yi da kowanne. Idan kuma gobe aikin ya girma ya kai ga takardun asibiti ko na kuɗi, ka sa kuɗin mai binciken tsaro a cikin farashin da za ka ba su, ya zo ya gwada fasa shafin kafin a buɗe wa jama'a.